Pokhara: Garin da Tafki da Dutse Ke Ciyarwa

  Yau doguwar tafiya ce a gabanmu. Za mu tsallaka nahiyar Asiya, zuwa ƙasar Nepal da ke matse tsakanin Indiya da Sin, mu yada zango a Pokhara, garin da ke zaune a bakin tafki, duwatsun Himalaya na tsaye a kansa. Daga kowace kusurwa ta duniya ake zuwa nan don a ba ido abinci, a shiga kwalekwale, a taka dutse da ƙafa, wasu ma su yi shawagi a sama da lema. Mun ɗauko garin ne saboda a nan ake ganin ƙarara yadda kyawun wuri ke zama abincin mutane, da yadda abincin ke iya kuɓucewa in mai gida da baƙo suka yi sakaci.

Pokhara na da nisan kilomita kusan 200 yamma da Kathmandu, babban birnin ƙasar. A jirgin sama tafiyar minti 25 ce. A mota kuwa mutum ya ɗaura ɗamarar wuni guda, domin hanyar murɗawa take yi a gefen kogin Trishuli, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, awa 7 ko fiye in an ci sa'a ƙasa ba ta zafto ta tare hanya ba. Garin shi ne hedikwatar lardin Gandaki, yana da mutum sama da rabin miliyan, kuma a 2024 gwamnati ta ayyana shi babban birnin yawon buɗe ido na ƙasar.

Shi kansa garin a kwari yake. Mita 800 da 'yan kai ne sama da teku, wato ko Jos ta fi shi tashi. Ayaba na yi, lemo na yi, shinkafa na yi. Amma ɗaga kai ka dubi arewa. Ƙasa da kilomita 30 daga bakin tafkin ga dutsen Machhapuchhre, mai tsawon mita 6,993, fari fat da dusar ƙanƙara. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, ke nan sai an ɗora kusan uku irinsa, wani kan wani, kafin a kamo shi. Kuma Machhapuchhre ƙane ne a gidan. Yayyensa su ne Annapurna mai mita 8,091, da Dhaulagiri daga yamma mai 8,167, da Manaslu daga gabas mai 8,163. Uku ke nan cikin duwatsu goma mafiya tsawo a duniya, duk ana hango su daga tuddan da suka kewaye gari ɗaya.

Wannan kusancin da dutse shi ke kawo ruwa. Iskar damina na tasowa daga tekun Bengal ɗauke da danshi, in ta iso sai ta ci karo da bangon duwatsu, ta haura, ta yi sanyi, ta juye abin da ta ɗauko a kan Pokhara. Ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,000, alhali Kano ba ta cika wuce 1,000 ba. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ke rufe duwatsun ruf. Mutum na iya yin mako bai ga ƙololuwa ko ɗaya ba, hanyoyin daji kuma sun cika da matsattsaku. Waɗanda suka san garin sukan zo ne a Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sararin sama tas, ko kuma Maris da Afrilu, lokacin da furen rododendron, wanda shi ne furen ƙasar, ke mayar da dazuzzukan kan tudu ja wur, ko da yake a lokacin hazo kan rage wa ido nisa.

Ranar baƙo a Pokhara tun kafin asuba take farawa. Motoci na kwasar mutane daga unguwar Baidam ta bakin tafki, su haura tudun Sarangkot mai tsawon mita kusan 1,600. A can sama, cikin duhu da sanyi, masu shayi sun riga sun ɗora tukunya, kowa ya rungume kofinsa da hannu biyu yana neman ɗumi. Kwarin na ƙasa lulluɓe da hazo, fitilun gari na ƙyalli jefi-jefi. Rana in za ta fito, ƙololuwar da ta fi tsawo take fara kamawa. Sai ka ga wani jan ɗigo can sama, inda kake zaton babu komai sai sarari. Ɗigon ya faɗaɗa, ya koma ruwan zinari, ya tsallaka dutse na gaba, ya sake tsallakawa, har jerin ya fito gaba ɗaya, alhali kai kana tsaye cikin duhu-duhu. Minti kaɗan launin ya gushe, komai ya koma fari. Wanda ya makara da rabin awa zai ga duwatsu, amma abin da aka tashi da asuba dominsa ya wuce shi.

Tafkin sunansa Phewa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5 ko kusa da haka, ana lissafa shi na biyu a girma a ƙasar bayan tafkin Rara. A gaɓa kwalekwalen katako ne jere, shuɗi da ja da rawaya da kore. Ko ka ɗauki haya da matuƙi, cikin matuƙan har da mata, ko ka karɓi filafili ka tuƙa da kanka. Ko ta yaya, sai an sa maka rigar ruwa kafin ka shiga. Da safe ruwan a kwance yake, siffar duwatsun a kife a cikinsa. Bayan azahar iska kan taso, musamman a bazara, shi ya sa in matuƙi ya ce a koma, to a koma. A cikin tafkin akwai ɗan tsibiri mai wurin bautar Hindu da ake kira Tal Barahi, wanda ke cika maƙil ranar Asabar, ranar hutun mako a Nepal. Wanda ya tsallaka gaɓar kudu zai hau matakala cikin daji, tafiyar kamar awa guda, zuwa farar hasumiyar zaman lafiya da wasu mabiya addinin Buddha 'yan Japan suka gina, aka buɗe ta a 1999. Daga nan ne ake ganin gari da tafki da duwatsu a kallo ɗaya. Ruwan da ke fita daga tafkin kuwa, yana ɗan tafiya sai ya rufta wani rami a Patale Chhango ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa, sai wanda ya tsallaka titi ya shiga kogon Gupteshwor ne zai sake ganinsa. Mai gudun hayaniya yana da tafkunan Begnas da Rupa a gabashin gari.

To, yaya aka yi garin ya zama haka? Kafin baƙi, fatauci ne ke riƙe da shi. Pokhara zango ne a hanyar fatake tsakanin Tibet da Indiya. Ayarin alfadarai na gangarowa ta kwarin Kali Gandaki da gishiri da ulu, su koma da hatsi, 'yan ƙabilar Thakali na cin ribar tsakiya. Duk wanda ya san ayarin gishirin Bilma da ke sauka ƙasar Hausa ya gane irin garin da ake magana. 'Yan kasuwar Newar daga kwarin Kathmandu su suka kafa tsohuwar kasuwa, gidajensu na jan bulo na nan har yau. Da Sin ta ƙarfafa riƙonta a Tibet, musamman daga 1959, cinikin ya durƙushe, 'yan gudun hijirar Tibet suka shigo. Matsugunansu irin su Tashi Palkhel da Tashi Ling na nan, ana saƙa darduma ana sayar wa baƙi. A lokacin garin ba shi da hanyar mota, jirgin sama ma ya riga mota zuwa. Sai a 1968 aka gama titin farko da ya haɗa shi da iyakar Indiya, na Kathmandu ya biyo baya a shekarun 1970.

Da gishiri ya daina zuwa, dutse ne ya rufa wa garin asiri. Ranar 3 ga Yuni 1950, wasu Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka taka ƙololuwar Annapurna. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya hau dutsen da ya haura mita 8,000, shekara 3 kafin a hau Everest. Sun sauko da rai, amma sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa, Herzog har da na hannu. Labarin ya zaga duniya. A 1964 wani tsohon hafsan sojan Birtaniya, Jimmy Roberts, ya kafa kamfanin farko na raka baƙi tafiyar ƙafa a duwatsun Nepal. Ya lura cewa masu son hawa ƙololuwa 'yan kaɗan ne, amma masu son a raka su gindin dutse, a ɗaukar musu kaya, a dafa musu abinci, su biya, ba su ƙirguwa. A Pokhara ya ƙare rayuwarsa a 1997. Sana'ar da ya buɗe ita ke ciyar da dubban gidaje a yankin yau.

Roberts ya yi aikin soja ne da dakarun Gurkha, kuma a nan akwai abin da ya shafe mu. Ƙauyukan Gurung da Magar da ke kan tuddan Pokhara su ne suka daɗe suna ba rundunar Birtaniya samari, har yau a garin ake tantance sababbin ɗauka, kuma akwai gidan tarihinsu. A yaƙin duniya na biyu, a dazuzzukan Burma cikin 1944, bataliyoyin sojan Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun yi yaƙi a runduna ɗaya da Gurkha. Dattijon da za ka gani yana shan hantsi a ƙofar gidansa a Pokhara, ta yiwu mahaifinsa da kakan wani mai sauraronmu sun sha wahala a daji ɗaya.

Mu koma kan abin da baƙo ke yi da jikinsa. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne shawagi da lema. Ana kai ka gangaren tudu, a ɗaura maka wata kujerar madauri, matuƙi a bayanka, lema shimfiɗe a ƙasa da igiyoyinta. Umarninsa ɗaya ne: in na ce gudu, ka yi ta gudu, kada ka zauna. Taku kaɗan lemar ta cika da iska ta tashi, ƙafarka na ci gaba da gudu amma babu ƙasa a ƙarƙashinta. Babu inji, babu ƙara, sai fitar iska ta cikin igiyoyi. Matuƙin na neman iska mai ɗumi da ke tashi daga gangaren da rana ta gasa, kuma sau da yawa shirwa da ungulu ne ke nuna masa inda take, in ya ga suna kewaya ba sa kaɗa fiffike sai ya bi su. A ƙasa gonakin shinkafa ne hawa-hawa, da rufin kwano, da ɓauna a cikin taɓo. Bayan minti 20 zuwa 30 a sauka. Akwai kuma tseren kwalekwalen roba a kogunan Seti da Kali Gandaki, da keken hawa dutse, da sauransu. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da haɗarinsa.

Amma ƙashin bayan sana'ar garin shi ne tafiyar ƙafa. Mai 'yan kwanaki yakan nufi tudun Poon mai mita 3,210, ta hanyar da ke bi ta Ulleri, inda matakalar dutse ta haura 3,000. Mai sama da mako yakan nufi sansanin gindin Annapurna, mita 4,130, wani fili da duwatsu suka yi wa zobe. Mai ƙarfin hali yakan kewaye jerin duwatsun gaba ɗaya, ya tsallaka mashigar Thorong La mai mita 5,416. Ba a buƙatar tanti. Kowane ƙauye na da ƙananan masaukai, ɗaki na katako, gado da bargo, murhu ɗaya a ɗakin cin abinci inda kowa ke shanya safarsa. Abincin hanya shi ne dal bhat, shinkafa da miyar wake da ganye, kuma al'ada ce a yi ta ƙara maka har ka ce ya isa.

A kan wannan hanya akwai mutumin da baƙo ke yawan mantawa da shi, wato ɗan dako. Yakan haɗa jakunkunan mutum biyu ya ɗaure, ya rataya madauri a goshi, ya sunkuya ya kama matakala. Kai da ke ɗauke da gorar ruwa kawai kana haki, shi ya riga ka isa masauki. Sanyin da ke kama baƙo shi ke kama shi, ciwon tudu ma, wanda za mu zo kansa, bai san ɗan ƙasa ba. Don haka kafin ka biya kamfani, ka tambaya: nawa ne nauyin da za a ɗora masa, yana da takalmi da rigar sanyi, yana da inshora, in ya kwanta ciwo wa zai sauko da shi? In ka ga farashi ya yi arha fiye da kima, to a wuyan wannan bawan Allah aka rage. Matan da ba sa son namiji ya raka su kuwa suna da mafita. Tun shekarun 1990 wasu 'yan'uwa mata uku 'yan gidan Chhetri suka fara horar da mata aikin jagora a Pokhara, kuma yau ana samun mace jagora da mace 'yar dako.

Yanzu maganar lafiya, kuma a nan muna roƙon a kasa kunne. Daga mita 2,500 zuwa sama, iskar da mutum ke shaƙa na raguwa ƙarfi. A Thorong La, oksijin da ke shiga jiki a numfashi ɗaya kusan rabin na bakin teku ne. Ciwon tudu na farawa da ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da kasala. In aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Shawarar likitoci ita ce, in an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a riƙa ware ranar hutu, kuma in alamu suka tsananta maganin shi ne sauka, ko da tsakar dare ne. Ƙarfin jiki ba ya karewa. Sau da yawa samari majiya ƙarfi ne ke faɗuwa, saboda su ke sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da ya shafi mutanenmu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa can, wato sikila. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa su ne ke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna jiran mutum a kan tudu. Ko wanda ke ɗauke da ƙwayar kawai, mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba a gida, yana iya samun matsalar saifa a wuri mai tsawo. Cikin gari da bakin tafki babu wannan fargaba, amma duk mai niyyar haurawa ya san rukunin jininsa, ya ga likita kafin ya yanki tikiti.

Yanayi ma ba abin wasa ba ne. A tsakiyar Oktoban 2014, watan da ake ganin ya fi kowanne aminci, ragowar guguwar Hudhud da ta taso daga tekun Bengal ta juye dusar ƙanƙara a yankin Thorong La. Mutum sama da 40 suka mutu, cikinsu da 'yan ƙasa da yawa, jagorori da 'yan dako da makiyaya. Tun daga Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Nepal ta ce baƙon da zai shiga irin waɗannan hanyoyi ya ɗauki jagora mai lasisi. Ko doka ba ta ce ba, hankali ya ce.

Shi kansa kwarin da garin ke zaune a kai, dutse ne ya haife shi. Masu binciken ƙasa sun nuna cewa Pokhara na kan tarin tsakuwa da laka da suka gangaro daga Annapurna ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma irin wannan tarin ne ya toshe bakin ƙoramu har tafkuna suka samu. Kogin Seti, mai ruwa fari kamar an dama alli, ya yanka wannan ƙasa ya yi rami mai zurfi da ƙunci a tsakiyar gari, har mutum kan tsallaka gada bai san akwai kogi a ƙarƙashinsa ba. Ranar 5 ga Mayu 2012, ba tare da ruwan sama ba, wani ɓangaren dutse ya rufto can sama, ambaliyar laka ta biyo Seti, mutum kimanin 70 suka mutu ko suka ɓace a ƙauyukan arewacin gari. Abin da ya ƙawata wurin shi ne kuma ke yi masa barazana.

Wannan daga Allah ne. Amma akwai wadda mutane ke yi da hannunsu, kuma ita ce ta fi damunmu. Tafkin Phewa na ƙanƙancewa. An yi ta yanka hanyoyin mota da katafila a jikin tuddai ba tare da magudanai ba, damina na zuwa ta wanke ƙasar, rafin Harpan ya kwaso ta ya zuba a tafki. Yammacin tafkin, inda a da ruwa ne, yau fadama ce da gonakin shinkafa. Ƙazantar gari na shiga, kainuwa na bazuwa a kan ruwa, masu otal da gidajen abinci kuma kowa na matsowa gaɓa don baƙonsa ya ci abinci ƙafarsa kusa da ruwa. A 2016 aka sa tafkunan kwarin guda 9 cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2018 Kotun Ƙolin Nepal ta ba da umarnin a kawar da gine-ginen da ke cikin mita 65 daga gaɓa, ta sake nanatawa a 2023. Aiwatarwa kuwa na tafiyar hawainiya, saboda rikicin diyya da na ainihin inda iyakar tafkin take.

A gefe guda kuma ga sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, wanda aka gina da bashin Sin na dala miliyan 200 da ɗoriya. An buɗe shi ranar 1 ga Janairu 2023. Mako biyu bayan nan, ranar 15 ga watan, wani jirgi da ya taso daga Kathmandu ya faɗi a ramin Seti yana shirin sauka, mutum 72 da ke ciki suka rasu. Jiragen ƙasashen waje da aka yi wa ginin ba su zo yadda aka yi fata ba, masu lema kuma aka matsar da su daga inda suka saba tashi don a ba jirage hanya. A ganinmu, an fi ba ƙofar shigowa muhimmanci a kan abin da ake shigowa a gani. Ga shi kuma sana'ar baƙi ba ta da tabbas. Girgizar ƙasa ta Afrilun 2015, wadda ta kashe mutum kusan 9,000 a Nepal, ba ta yi wa Pokhara ɓarna sosai ba, amma otal-otal sun zama kango saboda baƙi sun tsorata. Da korona ta zo, baƙin da suka shiga ƙasar suka faɗo daga kusan miliyan 1.2 a 2019 zuwa kimanin 230,000 a 2020.

Kada a ce mun ga laifi kawai. A wannan yankin ne aka yi wani abin koyi. A 1986, daga ƙauyen Ghandruk, aka fara shirin kare yankin Annapurna, wanda yau ya kai murabba'in kilomita 7,629, mafi girma a ƙasar. Ba a kori mutane daga ƙauyukansu ba. Kuɗin izinin shiga da baƙo ke biya ana juya shi zuwa aikin yankin, kwamitocin ƙauyuka na da bakin magana, an rage sare itace ta hanyar kawo kananzir da ƙananan injinan lantarki na ruwa, an kafa wuraren sayar da tsaftataccen ruwa don rage robobi. Shi kuma Machhapuchhre, a 1957 ayarin da Roberts ya jagoranta ya kusa kaiwa, mutum biyu suka juyo saura kaɗan su kai ƙololuwa. Tun daga nan ba a ba da izinin hawansa, domin mutanen yankin na girmama shi. An bar kuɗin da za a samu daga masu hawa, kuma dutsen bai rasa masu zuwa kallonsa ba.

Ga mai sauraron da Allah ya hore masa kuma yake da niyya, ga 'yan abubuwa. Masu fasfon Najeriya da Ghana da Kamaru na cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgin Kathmandu, sai sun nema a ofishin jakadancin Nepal tun kafin su tashi. Hanya takan bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul. Agogonsu na gaban namu da awa 4 da minti 45. Musulmi kimanin kashi 5 cikin 100 ne a ƙasar, akwai masallatai a Pokhara, alƙibla kuma yamma take. Doka ta hana yanka saniya, naman ɓauna da akuya da kaza ake ci, don haka wanda bai tabbatar da yanka ba, dal bhat marar nama ya ishe shi. A yi inshorar da ta haɗa da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu. A cire takalmi inda aka ga masu gida sun cire, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, robar da aka hau da ita a sauko da ita.

Hausawa na cewa in kana da kyau ka ƙara da wanka. Pokhara ba ta ƙera dutse ba, ba ta haƙa kwarin ba, ba ta kuma da ikon mayar da tafkin in ya cike da laka. Abin da ke hannunta shi ne ta bi umarnin kotunta, ta gyara hanyoyin da ke zubar da ƙasa, ta kare hakkin 'yan dakonta. Abin da ke hannun baƙo shi ne ya tafi a sannu, ya biya hakki, ya bar wurin yadda ya same shi. Mu ma da muke yawan maganar jawo baƙi zuwa Mambila ko Yankari ko Tiga, mu fara da kare abin da za a zo gani kafin mu yi maganar otal da filin jirgi, domin babu wanda zai biya kuɗin jirgi ya zo kallon tafkin da ya zama fadama.